Tsohon kankaren tsakar gida: a kwashe shi ko a fasa a mayar ƙarƙashin intalok?

Mai Gida Badariya: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wajen masu sanin harkar gini. Tsakar gidana daɓen kankare ne, haka na same shi tun sanda na sayi gidan, yanzu duk ya tsattsage, wani wuri ya lotsa, in damina ta faɗi ruwa kwanciya yake a bakin kicin sai yara sun bi shi da tsintsiya, ga gansakuka, bara ma uwargida santsi ya kwashe ta Allah dai ya kiyaye ba ta karye ba. To ina so in sa intalok kafin ruwa ya sauka, in kuma bar mata gefe guda ta yi ɗan lambunta don ta daɗe tana damuna da maganar zogale da yakuwa. Maginin da na kira ya ce a fasa kankaren duka a kira tifa ta kwashe, sannan in sayo tsakuwa a zuba sabuwa. Ni kuwa abin ya tsaya min, in biya a fasa, in biya a kwashe, in sake biya a kawo wani dutsen? Ba za a iya farfasa shi a mayar ƙasa a ɗora intalok a kai ba?

Mai Tifa: Wa alaikumus salam. Alhaji maginin nan naka mutumin kirki ne, ka riƙe shi da kyau. A kwashe kawai, ina nan kusa da kai

Ɗan Zuru: Hhhh wato an tambayi kura ko a bar akuya ta kwana waje

Mai Tifa: Kai dai ba ka son ka ga talaka ya ci abinci

Injiniya: Wa alaikumus salam. Alhaji ana yi, kuma ba wai dabarar rashin kuɗi ba ce, har manyan ayyukan titi a ƙasashen waje ana niƙa tsohon kankare a shimfiɗa shi a ƙasan kwalta. Amma kafin in ce maka komi ka ba ni amsar waɗannan. Tsawo da faɗin wurin nawa? Kaurin kankaren fa, ka duba inda ya ɓalle ka auna. Akwai rodi a ciki? Mota tana shiga ko ƙafa ce kawai? Sannan daga saman daɓen zuwa dokin ƙofar ɗakuna tazarar nawa ce?

Mai Gida Badariya: Injiniya na gode. Yanzu na sa yaro ya riƙe min tef muka auna, mita 9 ne da mita 7. Kauri wajen inci 3, ban ga rodi ba inda ya fashe. Mota tana shiga amma daga get zuwa rumfa ne kawai, gefe guda. Dokin ƙofa kam bai fi yatsa huɗu ba daga ƙasa, na kicin ma bai kai ba

Malamin Gona: To ni tambayata, me ya sa ma sai an fasa? Maƙwabcina a Jega yashi kawai ya baza a kan tsohon simintinsa ya jera intalok, ko guduma ba a ɗaga ba kuma yana nan lafiya lau

Injiniya: Malam hakan ma ana yi, amma sai in tsohon daɓen lafiyarsa ƙalau, bai lotsa ba, kuma dama yana zubar da ruwa inda ya kamata. Na Alhaji ya gaza duka. Wurin da ya lotsa yana gaya maka ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ta zauna, in ka ɗora sabo a kai ciwon yana nan ka dai rufe shi da riga. Sannan ka lissafa tudun da za a ƙara, intalok kaurinsa santimita 6, yashin shimfiɗa santimita 3, ka ga tsakar gida ta tashi da santimita 9 ke nan, shi kuwa dokin ƙofarsa yatsa huɗu. Ruwan Agusta na farko a cikin kicin zai kwana. Get ma ƙila ya ƙi buɗuwa. Akwai kuma wani abu da mutane ba sa lura, ruwa yana bin tsakanin duwatsun intalok ya sauka cikin yashin, in ya tarar da siminti a ƙasa ba inda za shi, sai yashin ya zama kunu, kana takawa dutsen yana motsi yana feso maka ruwa a ƙafar wando. Wanda zai ɗora a kan tsohon daɓe dole ya huhhuda shi a wuraren da suka fi gangare, ya cika ramukan da tsakuwa

Malamin Gona: Ai kuwa na tuna, nasa maƙwabcin nawa ɗakunansa da matakala biyu ake hawa, shi ya sa bai ji komi ba

Hajiya Gesse: Salamu alaikum. Alhaji ni dai zan gaya maka abin da ya same ni ka ɗauki darasi, don ni na riga na sha. Lokacin da muka rushe tsohon shagon ƙofar gida sai mai aikin ya ce Hajiya ai kin huta sayen ciko, ya sa lebura suka tura ɓaraguzan duka tsakar gida, manya manya wlh wani ya kai girman tukunyar miya, da guntayen bulo da filasta da katakon silin har da tsohon takalmi na gani da idona, suka watsa yashi a kai suka jera intalok, kwana uku an gama, ya yi kyau kamar gidan gwamna har hoto na ɗauka na tura wa ƙanwata. Daminar 2020 ce, wadda ambaliya ta cinye shinkafar mutane, kafin ta fita tsakar gidana ta koma kamar hanyar ƙauye, nan tudu nan kwari. Da aka ɗaga duwatsun babu yashin, duk ya zurare cikin ramukan da ke tsakanin ɓaraguzan, ga gara ta cinye katakon ta bar kogo, ga kunamu sun samu gida. Sai da na biya kuɗin aiki sau biyu

Mai Gida Badariya: Subhanallah. Hajiya to ai kin tsorata ni, ko dai in bi maganar magini

Hajiya Gesse: A'a ba cewa na yi kar ka yi ba. Da aka zo gyara ai da ɓaraguzan nan dai aka sake yi, sai dai wannan karon zama na yi a kan kujera ina kallo aka tsince shara aka farfasa su ƙanana. Yau shekara nawa ko dutse ɗaya bai motsa ba

Baba Birkila: Salamu alaikum. Yaro na ya karanta min abin da kunka rubuta, shi ka rubuta min wanga. Alhaji shekarata ta hi talatin ina aikin ga tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, abin da Hajiya tac ce gaskiya ta. Kankare ba ya ruɓewa, dutse na, wanda duk yac ce ka zubar shina son kuɗɗinka. Amma aikin ga hwashewa yake. Kowane guntu kar ya wuce ƙwan kaza, in ya yi girma ƙwarai to dunƙulen hannun yaro. Kuma kar ka bari su tankaɗe garin su zubar, garin nan da ƙananan su ka shiga tsakanin manya su cike, su ka riƙe aikin. In anka zuba manya zalla kamar an tara goriba cikin kwando ne, ko'ina ƙohwa

Mai Gida Badariya: Baba Allah ya ƙara girma. To yaya ake ba lebura aikin, kuɗin yini ko jinga?

Baba Birkila: Jinga, amma ka yi sharaɗi tun ba a ɗauki guduma ba. Ka samu guntun fayif mai inci 2 ko ka lanƙwasa rodi ka yi zobe ka ba su, ka ce duk wanda bai wuce ta ciki ba ba a gama da shi ba. In ba haka ba za su tsaga maka shi gida huɗu su ce an gama a ba su kuɗɗinsu. Kuma su hwasa shi bisa wani ƙaton guntu ko dutse, in sunka buga bisa yashi nutsewa kawai yakai ba ya hwashewa

Injiniya: Baba ya gama magana, ni lissafi kawai zan ƙara. Mita 9 sau 7 ya ba ka murabba'in mita 63. Kauri inci 3 wato santimita 7 da rabi, ka ga kankaren da ke kwance a gidanka ya kusa kubik mita 5. Kubik mita ɗaya na kankare nauyinsa wajen tan 2.4 ne, to kana da dutse sama da tan 11 a tsakar gida wanda ka riga ka mallaka. Mu kuma nan Birnin Kebbi ƙasarmu yashi ce da marmara, dutse mai ƙarfi sai an nausa wajen su Zuru da Yauri, shi ya sa kuɗin mota ke ƙara wa tsakuwa tsada. Siminti ma da ke zuwa mana daga Kalambaina ta Sakkwato nan kusa kun ga tsadarsa balle abin da aka ɗauko daga nesa. Yanzu in ka cire wa uwargida kamar murabba'in mita 15 na lambu, saura 48. Inda ƙafa kawai ke bi ciko mai kaurin inci 4 bayan an daddaɓe ya isa, inda mota ke bi ka kai shi inci 6. Kankare in an fasa shi yana ƙara auki don ba ya komawa ya haɗe kamar da, saboda haka abin da kake da shi zai kusa isarka, in ya gaza kaɗan ka cika da marmara

Ɗan Zuru: Kun ji ko, dutse sai wajenmu. Duk mai son na gaske ya zo ya gaishe mu

Bazamfare: Dutsen kawai gare ku ai, shi kuke ci shi kuke matashin kai da shi. Alhaji kar ka saurari bawana

Ɗan Zuru: Ga wani ya fito, wa ya ba ka izinin magana gaban ubangidanka

Injiniya: Ku bari mu gama da Alhaji tukuna ku ci gaba da yaƙinku. Alhaji ga inda mutane suke faɗawa, ka karanta da kyau. Ciko santimita 10, yashi 3, intalok 6, jimla 19. Wajen mota 24. Kai kuwa abin da za ka cire santimita 7 da rabi ne kacal. Wato bayan an ɗaga kankaren an tara shi gefe sai an ƙara haƙa ƙasa, kusan santimita 12 a wajen tafiya, fiye da haka a wajen mota, kafin ma ka dawo daidai inda tsohon daɓen yake. Tunda kuma dokin ƙofarka gajere ne ni zan so ka ƙara sauka, saman intalok ya kasance ƙasa da DPC, wato layin da ke hana danshi hawa bango, da kamar inci 6 don kar feshin ruwa ya riƙa jiƙa bango yana cin filasta. Mai aikin da ke gaggawa ba zai so haƙan nan ba, zai ce a mayar kawai a ɗora, kar ka yarda

Mai Tifa: Alhamdulillah, ashe dai akwai abin kwashewa. Injiniya Allah ya biya ka

Malamin Gona: Ba ka samu ba Mai Tifa. Ƙasar da aka haƙo in mai kyau ce a tara ta wajen lambun a ɗaga shi, sauran a cike ramin ƙofar gida, kowace unguwa akwai kwarin da ke jiran ƙasa

Mai Tifa: Wannan zauren ba a son ci gabana wlh

Anti Nas: Salam. Ni ba ruwana da lissafinku, ta ɓangarena zan yi magana. Ƙurar kankare ba irin ƙurar hanya ba ce, akwai garin dutse mai kaifi a cikinta wanda in ya shiga huhu ba ya fita, masu fasa dutse da suka daɗe suna shaƙa su ne ke ƙarewa da tari da haki. A riƙa yayyafa ruwa ana fasawa, masu aikin su rufe hanci, su sa wani abu a ido don tsartsin dutse, yara kuma a kai su gidan kaka ko maƙwabta, kun san su da son kallon aiki. A rufe randa da tukwane da tagogi. Sannan don Allah in akwai tsohon silin asbestos a cikin tarkacen gidan kar a haɗa shi a ce za a farfasa, shi ƙurarsa har kansa take jawowa, a jiƙa shi a ɗauke shi yadda yake

Mai Gida Badariya: Anti na gode, ai kuwa akwai wasu guda uku jingine bayan bayi da na so in ce a haɗa

Anti Nas: Ka gani ko. Kar a taɓa su da guduma

Injiniya: Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ba ya shiga cikin cikon. Katako da saiwa da buhu da leda, duk abin da zai ruɓe ko ya bar kogo. Guntayen POP, shi ruwa yana narkar da shi kuma ba ya jituwa da siminti. Tubalin ƙasa, da ya sha ruwa ya koma laka. Guntayen bulo kuma ni ba na son su a wajen mota, don yawancin bulon da ake bugawa yanzu ka murza da hannu ya zama gari, in dole ne a kai su inda ƙafa kawai ke bi. In an ci karo da rodi ko waya a zare, 'yan gwangwan za su saya

Bazamfare: Ni kuma nawa gargaɗin ɗaya ne, kafin a ɗaga guduma ka san inda sokawe yake da inda fayif ɗin ruwa ya bi. A gidan yayana a Gusau wani lebura ya dage yana ta bugu yana cewa wannan wurin ya fi ko'ina tauri, ashe murfin sokawe yake fasawa, sai da guduma ta zurma ciki. Gidan saye ne ba wanda ya san a nan yake. In ka buga ka ji wurin yana amsawa kamar ganga to a dakata. Wayar wuta da ta tafi rumfa ko famfon burtsatse ita ma a nemo ta

Mai Gida Badariya: Nawa sokawen na san wurinsa amma fayif kam sai na kira mai famfo. To Baba in an farfasa an haƙa, sai me?

Baba Birkila: Sai ka hwara daɓe ƙasar kanta tun ba ka zuba komi ba, inda yal lotsa a tone a ga mi ad ciki, sau da yawa tsohon rami na anka cike da shara. Sannan a zuba ɓaraguzan rabi, kamar inci 2 zuwa 3, a yayyahwa ruwa a daɓe, a ƙara sauran a sake yayyahwa a daɓe. Ba a zuba shi gaba ɗaya, sama ka daɓuwa ƙasa shina nan sako-sako. Ruwan kuma ba a yi mai yawa, ya jiƙa dai, in ka dunƙula garin ya kama hannunka bai ɗiga ba to ya yi. Daga nan a baza marmara mai laushi ko garin dutsen a share shi ya shiga ko'ina a sake daɓewa hal ka duba ba ka ganin rami ko na shigar tsinke. Gwajin da nikai shi na, in tura baro cike da yashi bisa, in taya ta bar sawu ba a gama ba

Mai Gida Badariya: Da me ake daɓewar Baba, na ga wasu suna cika gwangwanin fenti da kankare su sa masa sanda

Baba Birkila: Shina yi ga lungu da gefen bango. Amma wurin mota ka yi hayar injin daɓe na yini guda, masu aikin intalok suna da shi. Mu da munka taso mata ka yin daɓe da maɗaɓi, a tara matan unguwa suna bugu suna waƙa tun hantsi hal la'asar, a zuba ruwan makuba, daɓen ya yi baƙi shina ƙyalli ya shekara goma. Yanzu wa za ya yi maka wanga, kowa na riƙe da waya

Hajiya Gesse: Allah sarki Baba ka tuna min da kakata, ranar daɓe ai biki ne, har fura ake damawa. Hannu kuwa kwana uku bai ɗaguwa

Injiniya: Injin ya fi kam, kuma ka riƙe shi har ƙarshe don bayan an jera intalok ana sake bi da shi. Sai maganar gangare, wadda ita ce ta kawo ka tun farko. A cikon ake fitar da gangare ba a yashi ba. Kowace mita ɗaya a sauka santimita 1 da rabi zuwa 2, daga ɗakuna zuwa inda ruwa ke fita, a tsawon mita 9 ka ga bambancin zai kai santimita 14 zuwa 18. A kafa turaku a ja igiya, a gwada da tiyon ruwa irin na magina, kar ka yarda da wanda zai ce idonsa ya isa. Kuma ka fara duba rariyar da ke fitar da ruwa waje, in kwatar titi ta fi tsakar gidanka tudu to sai an sake shawara tun kafin a haƙa. Yashin shimfiɗa mai kaifi na gulbi, kar ya wuce santimita 3 zuwa 4, in ka ga mai aiki yana tara yashi da yawa a wuri ɗaya to ramin da ya bari a ƙasa yake ɓoyewa

Ɗan Zuru: Leda fa? Mu nan ana shimfiɗa baƙar leda kafin yashi wai don ciyawa

Injiniya: Ni ba na sa ta. Ciyawar da kake gani a intalok yawanci ba daga ƙasa take fitowa ba, iri ne iska ke kawowa ya faɗa tsakanin duwatsun ya tsiro a nan. Leda kuma tana tare ruwa, ka koma matsalar da na faɗa wa Malam ɗazu

Ɗan Zuru: To ni nawa da leda aka yi shekara huɗu ban ga komi ba

Injiniya: Gidanka a kan tudu yake ruwa ba ya tsayawa, ko me ka sa zai zauna

Baba Birkila: Ni ma ban sa ta. Amma abin da kunka manta shi na bakin aiki. Intalok ba siminti ka riƙe shi ba, junansu suka riƙewa, in gehe ya buɗe duk sai su watse kamar haƙoran tsoho. Inda ya haɗu da bango lahiya lau, amma wajen lambu da bakin get sai an kahwa kabu, dutsen da ka tare gehe, an ɗaure shi da kankare ta baya tun ba a hwara jeri ba. Wurin nan kar ka ji tsoron buhun siminti

Malamin Gona: Yauwa an zo wajena. Alhaji wurin lambun nan kar a bar ko guntun kankare a ciki, garin siminti yana da kaifi irin na toka, yana sa ƙasa ta yi gafi shuka ta riƙa yin ɗorawa-ɗorawa ta ƙi girma, musamman in za ta sa lemun tsami. Ƙasar da ta daɗe a ƙarƙashin siminti kuma a mace take, a tone ta kamar tsawon hannu a haɗa da takin shanu da ya ruɓe a ba ta ruwa ta kwana biyu kafin a shuka. In da hali a karkata wani sashe na gangaren ya zuba a lambun, amma lambun kar ya manne da bangon ɗaki. Zogale ba shi da matsala, dogon yaro ne dai kar a dasa kusa don saiwarsa ɗaga intalok take. Kuma shawara ta ƙarshe, kafin su farfasa duka ka zaɓi manyan falle kamar goma masu faɗin faranti babba ka ajiye, a jera su cikin lambun a matsayin matakai, ta riƙa takawa tana tsinkar ganye ba ta shiga caɓi ba. Kyauta ne kuma yana da kyau

Hajiya Gesse: Wannan dabarar ta yi min, ina ma na sani lokacin nawa. Kuma Alhaji kar rowa ta sa ka rage mata lambun, watan Afrilu in zafi ya haura 40 dutsen nan har tsakar dare yana huci, mu da muke shimfiɗa a waje mun sani. Gefen da ke da ƙasa da ganye nan kowa ke rububin kai tabarmarsa

Mai Gida Badariya: Hajiya ai tana karantawa a wayata yanzu haka, kin ƙara mata ƙarfi, ta ce 15 ɗin ma ya yi kaɗan

Injiniya: Hhh to ku sasanta kafin ka sayi intalok don lissafin zai canza. In mai kusurwa huɗu ne na santimita 20 da 10, guda 50 ke cika murabba'in mita ɗaya, 48 zai ci 2,400, ka ƙara kamar 120 na yanka da fashewa. Kar ka karɓi wanda aka buga jiya, siminti sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, ka tambayi ranar da aka buga, ka ɗauki biyu ka gwara ka ji ƙararsu, ka kankare gefe da ƙusa ka gani

Hajiya Gesse: Kuma ka ajiye rabin buhun yashi mai laushi a gida. Yashin da ake sharewa tsakanin duwatsun mu mata mu ke kwashe shi da tsintsiya kullum safe ba mu sani ba, ga tururuwa, bayan ruwan farko ka sake bazawa a share ya shiga

Mai Gida Badariya: Jama'a salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana tara. An fasa an tara, lebura uku kwana huɗu suka yi, zoben Baba ya jawo min rigima rana ta farko har ɗaya ya ajiye guduma ya ce shi ba niƙa ya zo yi ba, sai da na ƙara musu wani abu. Bakin kicin da muka tona kuwa Baba kamar kana nan, tsohon rami ne cike da gwangwanaye da toka da fasassun kwalabe, mun kwashe mun cike da marmara mun daɓe. Ruwan yayyafi ne ban lissafa ba tun farko, kura shida na saya wajen 'yan ga-ruwa. Fayif ɗaya ya fashe duk da mai famfo ya nuna mana, ashe akwai wani tsoho da ba wanda ya san da shi. Lambu ya tashi daga 15 ya koma 18, ba na son a tambaye ni yadda aka yi. Ɓaraguzan sun isa har an samu ragowar baro biyar

Mai Tifa: Baro biyar ɗin fa Alhaji, a zo a kwashe?

Bazamfare: Kai jama'a wannan bawan Allah

Mai Gida Badariya: Maƙwabcina ya riga ka, ya zuba a bakin get ɗinsa. Amma yashin gulbi zan nema tifa ɗaya ranar Asabar, mai kaifi ba na kwata ba, ka kira ni. Injiniya mai injin ya ce sai jibi, cikon zai iya jira haka a buɗe ko in sa a sake yayyafa masa ruwa?

Injiniya: Zai jira, kar dai mota ta hau. Ku yayyafa da safen ranar kafin ya fara. In ya gama ka turo min hoton igiyar da tef a jiki, ta bakin kicin da ta bakin rariya, kafin a zuba yashi